Amsa ga mai tambaya kan koyon BIM da inda harkar gini ta dosa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka gama karatun zanen gine-gine, ka yi bautar ƙasa, yanzu kana wani ofis da komai da manhajar zane ta AutoCAD da WhatsApp ake tafiyar da shi. Kana tambaya ko ka zuba kuɗinka a kwamfuta mai ƙarfi ka koyi manhajar Revit da tsarin BIM, wato gina cikakken samfurin gini da bayanansa a cikin kwamfuta, ko kuwa duk surutun 'yan taron ƙara wa juna sani ne da bai iso wajenmu ba. Ka kuma tambayi abubuwan da ake yayi yanzu.

Ka koya. Amma abin da ke cinye kuɗin masu gini a wajenmu ba rashin manhaja ba ne. Na daɗe ina yawo tsakanin ofis da wurin aiki, kuma mafi yawan fashe-fashen da na gani ana yi wa ginin da bai ko bushe ba, asalinsu guda ne: mutane huɗu ko biyar suna aiki a gini ɗaya, kowa da irin zanen da ke hannunsa.

Ga yadda abin yake faruwa. An buɗe wa aiki zaure a WhatsApp, an zuba mai gini, mai zane, injiniya, ɗan kwangila, helma, mai aikin famfo, mai wayarin, har da ƙanin Alhaji da aka ce ya riƙa sa ido. Ranar Litinin mai zane ya tura zane. Ranar Laraba Hajiya ta ce banɗakin sama a matsar da shi kusa da ɗakinta, aka gyara, aka sake turawa da suna iri ɗaya da na farko. Injiniya bai buɗe ba, domin saƙon ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da hotunan tifar yashi. Helma kuwa tun ranar Litinin ya je shago ya buga nasa, ya naɗe ya sa a aljihu. Na taɓa zuwa wani aiki da aka zuba dekin a irin wannan hali. Da mai famfo ya zo sai ya tarar inda bututun banɗaki zai sauka akwai bim ɗin kankare a kwance. Bai tambayi kowa ba, ya ɗauko guduma da kurfi ya huda, har ya yanke rodi biyu don bututunsa ya wuce. Kowa a cikinsu yana da hujjarsa a waya, kuma kowa gaskiya yake faɗa.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi, kuma shi nake so ka fara kai wa ofishinku kafin ka sayi komai. A buɗe ma'ajiya guda a intanet, ko Google Drive ne ma ya isa, a ce duk zanen da ba a ciki yake ba, ba zane ba ne. Kowane zane ya ɗauki lamba, da harafin gyara, da kwanan wata, sannan a zagaye wurin da aka canza domin mai dubawa ya gani nan take. A ware wanda ake kan aiki a kai daban, wanda aka tura don a duba daban, wanda aka amince a yi gini da shi daban. Mutum ɗaya tak ke da ikon sakin zane zuwa wurin aiki. Idan sabo ya fita, a buga, a kai wa helma hannu da hannu, a karɓe tsohon daga aljihunsa. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi mantawa, kuma shi ya fi muhimmanci. Haka nan duk umarnin da Alhaji ya bayar ta saƙon murya da ƙarfe sha ɗayan dare, a rubuta shi washegari a layi biyu, a tura masa ya ce e, tare da kuɗin da canjin zai ci. Za ka yi mamakin yawan canje-canjen da ke mutuwa da kansu da zarar an rubuta farashinsu.

Kada ka raina wannan don ya yi kama da aikin akawu. Ƙa'idar duniya ta tsara bayanan gini, ISO 19650, da aka fara fitarwa a 2018, wadda manyan kamfanoni ke taƙama da ita, in ka cire mata manyan kalmomi, ƙashin bayanta ke nan: wuri guda na ajiye bayanai, da sanin matsayin kowace takarda, da sanin wanda ya amince da ita.

To ina amfanin BIM ɗin? A AutoCAD layi kake ja, kwamfuta ba ta san bango ba ne ko taga. A Revit ko ArchiCAD kuwa ginin kake ginawa a cikin kwamfuta: bango ya san kaurinsa, ƙofa ta san faɗinta. In ka matsar da taga a shimfiɗar bene, za ta matsa a fuskar gini da yankan ciki da jerin tagogi gaba ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya rage maka kwanan ofis. Amma babban amfaninsa sai an haɗa aikin mai zane da na injiniyan ƙarfe da kankare da na masu ruwa da lantarki a wuri guda, a sa manhaja irin Navisworks ta nuna duk inda bututu ya ci karo da bim ko pila. Wancan bututun banɗakin da na ba ka labari, da tun a kwamfuta za a gan shi. Mai ƙididdigar kayan gini ma yana iya ciro yawan bulo da kankare daga ciki, muddin wanda ya gina samfurin bai yi ha'inci ba. Na sha ganin samfuri mai kyau a ido, amma an yi dekin da abin da manhaja ta ɗauka rufi ne, an yi pila da guntun bango. In aka ciro lissafi daga irin wannan, gara a ƙirga da hannu.

Inda abin ke cijewa a wajenmu shi ne sau da yawa kai kaɗai za ka kasance a ciki. Injiniya yana lissafinsa a manhajar Orion ko ProtaStructure, ya miƙo maka zane shimfiɗaɗɗe. Zanen ruwa da wuta kuwa a ƙananan ayyuka sau tari babu shi sam, sai abin da mai famfo ya ga dama ranar da ya zo. Akwai hanyar musayar samfuri tsakanin manhajoji daban-daban da ake kira IFC, wadda ƙungiyar buildingSMART ke kula da ita, kuma tana aiki, amma sai ka zauna da injiniyan tun farko kun daidaita inda ma'aunin gini zai fara da sunayen benaye. In ba haka ba za ka buɗe fayil ɗinsa ka ga pilolinsa suna shawagi can gefe.

Sai maganar kuɗi. Autodesk, kamfanin da ke yin AutoCAD da Revit, ta daina sayar da lasisin dindindin tun 2016, yanzu haya ce ta wata ko ta shekara, kuma da dala. Ka san abin da ya sami naira tun tsakiyar 2023. Shi ya sa ofisoshi da yawa ke amfani da fasasshiyar manhaja, wato marar lasisi, ba sai na ɓoye maka ba. Sai dai ita ba ta shiga tsarin aiki tare ta intanet, wato ainihin abin da kake nema, kuma ranar da babban kamfani zai ba ka aiki zai tambayi lasisinka. Ɗalibai suna samun lasisin koyo kyauta, in har kana da rajista a wata makaranta, amma ba a yin aikin kuɗi da shi. Akwai kuma na kyauta ɗungurungum, irin FreeCAD da Bonsai da ake ɗorawa a kan manhajar Blender. Suna da ɗan taurin kai, amma za su koya maka yadda IFC yake fiye da masu tsadar.

Wa ke neman wannan ilimi? A Ingila gwamnati ta wajabta shi a ayyukanta tun Afrilun 2016, Dubai ma ta wajabta a manyan gine-gine tun kafin nan. A nan gida ba doka ce ke tura mutane ba, buƙata ce: asibitoci, otal-otal, manyan ofisoshi a Abuja da Legas, da ayyukan da kuɗinsu daga waje yake. Sannan akwai yaranmu da ke zaune a Kano ko Kaduna suna yi wa kamfanonin ƙasashen Larabawa da Turai aikin samfuri, ana biyansu da kuɗin waje. Wannan ƙofar a buɗe take, amma masu ɗauka ba sa kallon kyawun hoto. Za su buɗe fayil ɗinka su ga ko wani zai iya ci gaba da shi ba tare da ya kira ka ba.

Wani abu kuma da kwamfuta ba ta canza ba: hukumomin tsara birane masu ba da izinin gini, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, hatimi da sa hannun mai rajista da ARCON (hukumar masu zanen gine-gine) ko COREN (ta injiniyoyi) suke nema. Samfuri ba ya ɗaukar laifi, wanda ya sa hannu shi ke ɗauka. Don haka kada neman ƙwarewa a manhaja ya shagaltar da kai daga neman rajistarka.

Akwai nau'in mai gini da ya yawaita yanzu, wanda ke zaune a Saudiyya ko Ingila yana gini a gida ta waya. Nan ma ana cewa fasaha ta kawo sauƙi, kuma ta kawo, amma kamara abin da aka nuna mata take gani. Ana tura masa bidiyon fenti da tayil yana murna, alhali abin da zai riƙe gidan yana cikin kankare an rufe. Ni abin da nake sa a yi shi ne, kafin a zuba kowane kankare a ɗauki hoton rodin da tef a kansa, a ga kaurinsa, mai milimita 12 ne ko mai 16, a ga tazarar da ke tsakani, a ga an ɗaga shi daga katako. A ɗebi kankaren a kai gwaji na kwana 7 da na kwana 28, a ɗora sakamakon a ma'ajiyar nan. Jirgi mara matuƙi yana da amfani a babban fili, amma ka sani a Najeriya sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama, kada ka tashe shi kusa da bariki ka jawo wa kanka.

Game da abubuwan yayi, wasu ba sai mun daɗe a kansu ba. Buga gida da inji gaskiya ne, kamfanin 14Trees ya buga makaranta a Malawi a 2021 da gidaje a Kilifi ta Kenya, amma bango kawai injin ke yi, kuma siminti yake ci, mu kuwa a farkon 2024 buhu ya haura naira dubu goma. Hotunan da ƙirƙirarriyar basira ke fitarwa kuma sun zame mana sabon ciwon kai. Mai gini zai zo da hoton gida gilashi tun daga ƙasa har sama, babu inuwa, babu baranda, ya ce irinsa yake so a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Aikinka ne ka nuna masa kuɗin sanyaya wannan gida. A nan samfurin yana taimako sosai, domin za ka iya nuna masa inda rana za ta faɗa da ƙarfe uku na yamma, ya gani da idonsa.

Abin yayin da ni na fi ba wa muhimmanci shi ne komawa ga ƙasa, amma da lissafi. Francis Kéré ɗan Burkina Faso ya ci Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022, kuma da makarantar firamare ta bulon ƙasa a ƙauyensu Gando aka fara saninsa. Wanda ya fi kusa da mu shi ne aikin Dandaji a jihar Tawa ta Nijar, wanda Mariam Issoufou Kamara ta yi tare da Yasaman Esmaili 'yar Iran, aka kammala a 2018. Sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, tare da maginan yankin. Ka lura da wannan: masu zane daga ƙasashe biyu, ƙasar gini daga nan kusa, hannun da ya ɗora kuma na mutanen gari. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro a Zariya ko cikin birnin Kano da tsakar rana ya san abin da katangar ƙasa mai kauri ke yi wa zafi. Abin da ya rage shi ne gwajin ƙasar, da kare gindin bango daga ruwa, da rufi mai fitowa sosai, da kuma shawo kan mai gini da ke ganin ginin ƙasa alamar talauci ce. Wannan na ƙarshen ya fi sauran wuya.

Maganar kwamfuta: kada ka ci bashi. Nemi ta hannu mai RAM gigabait 16 da ma'ajiya mai sauri ta SSD, ta ishe ka koyo da matsakaitan ayyuka, ragowar kuɗin ka sa a batir ko ƙaramin sola, domin samfurin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar adana shi yana iya lalacewa. Kada ka fara da gidan mafarki. Ɗauki wani gini da ofishinku ya riga ya gama, ka sake gina shi a Revit tun daga fandisho har rufi, ka shigar da na injiniya a ciki, ka ciro yawan bulo da kankare, ka gwada da abin da aka saya a zahiri. Inda lissafin ya saɓa, je ka tambayi helman da ya yi aikin, zai gaya maka dalili. Shi za ka nuna wa maigidanka, sannan ka roƙe shi ya bar ka ka gwada a aiki na gaba, ƙarami, tare da injiniya ɗaya da ya yarda ku daidaita fayilolinku tun ranar farko.

Allah ya sa albarka a nema.