Twari muke yi, ba tari ba

Malam, ka yi mini dariya ran nan da na ce yarinyata na fama da twari, har ka tambaya ko zaman Yamai cikin Zabarmawa ne ya karya mana harshe. To, ba Zabarmawa suka koya mini ba. Daga Tawa na zo da abina. Duk ƙasar Adar, yankinmu na Tawa a Nijar, haka ake faɗi, kuma in ka gangara Sakkwato za ka ji shi. Mu ne ke cewa ɗwaci inda kuke cewa ɗaci, zwari inda kuke cewa zari. Ni a ganina ku Kanawa ne kuka yar da wawun a hanya, mu muka riƙe. Ga amfaninsa ma: ku in kun rubuta tari, sai mai karatu ya yi lalube, na ƙirji ne ko tarin hatsi, tunda murya kaɗai ke raba su. Mu ba mu da wannan wahala.

Sauran kuwa duk ɗaya muke da ku. Akwai busasshe, akwai mai majina, akwai wanda hunturu ke kawowa daga Disamba in ƙura ta rufe gari har ba ka hango ƙetaren kogi daga gadar Kennedy. Mai tsananin nan da kuke kira tarin fuka, huka muke cewa, kuma maganinsa wata 6 ne nan da can. Inda za ka kama mu shi ne Faransanci: mu likita muke zuwa, wato asibiti, wurin lokotoro, ya rubuta siro, maganin nan na ruwa, a saya a farmasi. Amma ai asibiti da kemis ɗinku ma ba daga Bayajidda kuka gaje su ba.

Kakata a Tawa ba ta yarda da siro. Citta, kanumfari, masoro, ta daka a ƙaramin turmi, ta kwaɓa da zuma, ta dangwala maka da yatsa a harshe tana faɗa wai ka kwana a waje ba mayafi. Har yau in na ji ƙamshin kanumfari sai maƙogwarona ya yi zafi.

Na san abin da ke ƙarƙashin tambayarka, matata ce. I, Bazabarma ce, shekararmu 14, a unguwar Bukoki muke zaune. Kullum ku na gida sai ku ce ƴaƴan sun tafi, sun bar Hausa. Ina suka tafi? A kasuwar Katako da Hausa ake ciniki, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Abin da ke ɗan ci mini rai dai shi ne yaran ba su san gyaran murya ba. Babana ba ya shiga gida sai ya yi ɗan twarin nan a zaure don mata su kimtsa, ko da ya yi sallama. Nawa sai dai ka gan su tsulum.

Daren jiya yarinyar ta tashi tana kuka. Ta gaya wa uwarta da Zabarmanci, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Baba, twarin ya dawo."