Matakalar da ta ƙare a iska

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata da ke karatu a Ingila ta turo mini hotunan wani tsohon coci a wani ƙauye, ta ce ya haura shekara 800. Na ƙura masa ido, na ga komai da kamarsa: ƙofa ɗaya kanta a zagaye, sauran da tsini, tagogi wata 'yar mitsitsiya wata ƙatuwa. Har da matakala a cikin bango da ta hau ta ƙare a iska. Kuɗi ne ya yanke musu, ko maginan ne ba su ƙware ba?
Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Idonki ya gani daidai, amma kada a ɗora wa maginan laifi. Ginin da kike kallo ba hannu ɗaya ya yi shi ba: kaka ya aza, jika ya ɗora, tattaɓa-kunne ya fasa bango ya faɗaɗa taga.

Ƙofar nan mai zagayayyen kai ita ce babbar yaya. Salon mutanen Normandi ne, wani yanki a arewacin Faransa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, masu son bango mai kauri da ƙananan tagogi. Wajen ƙarshen ƙarni na 12 aka koma baka mai tsini, domin ya fi iya sauke nauyin rufi ƙasa. Manyan tagogin kuwa galibi na ƙarni na 14 da na 15 ne, lokacin da cinikin ulu ya azurta garuruwa irin su Lavenham da Long Melford. Akwai kuma rabon ɗawainiya: ɓangaren gabas, inda bagadi yake, wato teburin da limami ke jagorantar ibada a kansa, gyaransa na wuyan limamin cocin, babban ɗakin jama'a kuma na mutanen gari. Aljihu biyu, to ta yaya ginin zai zo iri ɗaya?

Sau ɗaya na taɓa shiga irin wannan coci, a wani ƙauye na yankin Suffolk, bayan na shafe shekaru ina koyar da zanen gini a nan Zariya. Abin da ya fara kama ni shi ne zaurensa. Yana kudu, da dakalin dutse hagu da dama, kuma a da can a bakin wannan ƙofa ake ɗaura aure. Na zauna a dakalin na daɗe, sai na ji kamar a zauren gidanmu na cikin birni nake. Da shiga sai ga kwamin baftisma na dutse, kamar ƙaton turmi, dab da ƙofa. Hasumiyar ƙararrawa tana yamma, fuskar ginin duka tana gabas. Bangon waje na dutsen ƙyastu ne, don yankin ba shi da dutsen sassaƙa. Kowa da abin da ƙasarsa ta ba shi, kamar mu da tubali da azara.

Yanzu ga matakalarki, wadda ita ce ta fi taɓa ni. A da, tsakanin jama'a da wurin bagadi akwai shinge na katako mai sassaƙa, a samansa ɗan bene, a can bisa kuma babban gicciye. Matakalar can take kaiwa, a hau a kunna kyandirori. Da Ingila ta raba gari da Paparoma, aka fara sauke gumaka a zamanin Sarki Edward na shida, wajen 1547 zuwa 1548, sannan a 1561 gwamnatin Sarauniya Elizabeth ta farko ta ce a sauke benayen. Katako ya tafi. Matakala kuwa a cikin bango take, ba a cire ta sai an rushe ginin, sai aka bar ta.

A wannan zamanin ne kuma aka shafe zanen bango da farar ƙasa. A ƙauyen Wenhaston, a 1892, masu gyara suka cire wasu fararen alluna suka ajiye a waje. Da dare ruwa ya sauka ya wanke farar ƙasar, da safe sai ga zanen ranar hisabi da ya kwana a ɓoye fiye da shekara 300.

Duk lokacin da na tuna wannan, zuciyata kan dawo gida. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da bakan gizonsa na ƙasa, kafin wani ɓangarensa ya rufta a 2023, ba ya jin kunyar tsayawa kusa da kowane gini a duniya. Haka cocin ƙasa na Wusasa na 1929. Amma zaurukan cikin birni da na sani ina yaro, da yawa sun koma bulo da kwano, kuma abin yana ci mini rai.

Hajiya, ki ce wa 'yar taki ta koma ta duba bangon kudu kusa da ƙofa. Wataƙila ta ga ɗan rami da layuka sun fita daga cikinsa kamar ƙafar kaza. Agogon rana ne: a soka tsinke a ramin, inuwa ta nuna lokacin ibada. In ta samu, a turo mini hoton.