Daga Bakin Gareji: Wasiƙunku a Kan Akori-Kura Mai Shan Gas

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan manyan akori-kura masu shan gas, wato dizal, suka zo, shi ya sa na ware musu shafin gaba ɗaya. Na zaɓi huɗu.

Tambaya ta farko, daga wani Alhaji mai sayar da hatsi a Dawanau, Kano: "Malam, ina da Hilux ƙirar 2012 mai injin D-4D. Wata biyu ke nan tana baƙin hayaƙi, idan aka yi mata lodi ta zo hawa sai ƙarfinta ya tafi, wani lokaci kuma ta mutu a silo. Bakanikena ya ce a sauke injin a yi mata ringi. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Don Allah kada ka bari a sauke injin nan tukuna. Injin da ringinsa ya ci, shuɗin hayaƙi yake yi, ya riƙa shan baƙin mai, kuma idan ka buɗe murfin zuba mai yana silo za ka ga yana hura iska da ƙarfi. Ba ka ambaci ko ɗaya cikin waɗannan ba. Baƙin hayaƙi ma'anarsa gas ya fi iska yawa a cikin silinda, ko kuma gas ɗin bai fesu yadda zai ƙone ba.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. A ciro matatar iska a ɗaga ta a rana. Motar da ke shiga Dawanau kullum, ga ƙurar hanya ga ƙaiƙayin hatsi, sannan ga hunturu, matatarta ba ta kai lokacin da littafi ya yanka mata. Na sha ganin yara suna buga ta da ƙasa ko su hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage, alhali yagewar da ido ba ya gani ma ta isa ƙura ta wuce ta cinye fukafukan tobo. Idan ta toshe a sa sabuwa.

Daga nan a koma kan matatar gas. A ƙasanta akwai wurin da ruwa ke taruwa, da ɗan makunni da ake kwancewa a tsiyaye shi. A tara abin da ya fito a kwalba mai haske, ka duba da idonka. Idan ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa, ko laka, ko ka ji warin kananzir, to ka san inda ciwon ya fito.

A nan nake so in tsaya kaɗan, domin wannan shi ne abin da ya fi kawo mini motoci. Lokacin da na fara koyon aiki, injunan da muke taɓawa irin su 2L da 3L ne, masu famfon gas na ƙarfe zalla, babu kwamfuta. Irin waɗannan ko gas ɗin bai yi kyau ba za su yi tari su wuce. D-4D ba haka yake ba. Famfonsa na kamfanin Denso yana matse gas ya tara shi a bututu guda da ƙarfin da ya haura bar 1,300 a ma'aunin matsi, kwamfuta kuma ita ke buɗe kowace nozul ta rufe. Ramukan bakin nozul ɗin siraran gaske ne, kamar silin gashi. Kuma gas ɗin nan da kansa shi ne man da ke sa ƙarafan cikin famfo da nozul su yi santsi. Idan aka gauraya shi da kananzir santsin ya ragu, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Idan ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Direba ya tsaya wurin 'yan bumburutu a hanyar ƙauye ya sayi jarka biyu saboda sauƙi, wata uku bayan haka maigida ya biya kuɗin nozul huɗu. Ina jin zafin wannan sosai, domin yawanci mai motar bai ma san an yi ba.

Mutuwa a silo da raguwar ƙarfi a hawa sun fi nuna mini wani ɗan bawul da ke jikin famfon, wanda ake kira SCV. Shi ne ke auna yawan gas da zai shiga famfo. Idan datti ya sa ya fara maƙalewa, ƙarfin gas a bututu sai ya riƙa hawa da sauka. Kusoshi biyu ne ke riƙe da shi, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. A kai motar wurin mai kwamfutar gwaji, ya duba ƙarfin gas da injin ke nema da wanda yake samu, ya kuma duba yadda kwamfuta ke ƙara wa kowace nozul ko rage mata don ta daidaita silo. Wadda ta yi nisa da 'yan'uwanta ita ce mai laifi. Idan har an canza nozul, kowace tana da lambobi a rubuce a kanta da dole a shigar wa kwamfutar motar. Bakanike da yawa ba sa yi, sai mota ta riƙa ƙwanƙwasa da safe a ce nozul ɗin jabu ce.

Abu na ƙarshe, Alhaji, kuma shi ne mai kashe inji: ƙarƙashin kowace nozul akwai wani ɗan zoben ƙarfe da take zaune a kai. Idan ya saki, hayaƙi mai zafi yana bi ta nan ya haɗu da baƙin mai, ya dafa shi ya zama kamar kwalta. Wannan dattin yana gangarawa ya toshe rariyar da ke zuƙo mai daga ƙasan inji, ranar da ta toshe gaba ɗaya injin ya buga. An fi sanin wannan da injin D-4D ƙirar 1KD mai lita 3, amma duk lokacin da aka ciro nozul a kowane D-4D a sa sababbin zobba, a kuma leƙa rariyar ta ramin juye.

Tambaya ta biyu, daga wani direba a Agadas, Nijar: "Ina tuƙa Land Cruiser akori-kura mai silinda shida zuwa Dirku. Tana zafi idan mun shiga rairayi da kaya. An cire mini tamostat amma bai hana ba. Gazuwal (gas) nake sha mai kyau."

Ɗan'uwa, sannu da hanya, Allah ya tsare. Injinka 1HZ ne mai lita 4.2, wanda Toyota ta fara yi a 1990, ba shi da tobo kuma famfonsa ba ya neman kwamfuta. Ba banza ba ya zama abin dogaro a Tenere. Amma zafi shi ne abokin gabarsa, kansa yana tsagewa idan aka maimaita masa.

Ka mayar da tamostat ɗin nan. Na san ɗabi'a ce a garejinmu a cire shi a ce ƙasarmu ta zafi ce, amma aikinsa biyu ne. Yana buɗe wa ruwa hanyar lagireto, kuma a injuna da yawa yana rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji kawai. Idan babu shi, wani kason ruwan ba ya zuwa lagireto ma sam.

Wanda na fi zargi a motarka shi ne fanka. Tsakiyarta akwai wani mai mai kauri na silikon da ke sa ta kama da ƙarfi idan iska mai zafi ta bugo ta. Da shekaru man yana tsiyayewa, fanka ta riƙa juyawa a banza ba ta jan iska. A kan kwalta ba za ka gane ba, saboda gudu na turo iska. A rairayi kuwa kana giya ta biyu, totur a ƙasa, mota na tafiya a hankali, fankar ce kaɗai mai ceto. Idan inji ya yi zafi ka kashe shi ka juya ta da hannu. In ta wulwula ba tare da turjiya ba, ta gama aiki. Ana iya ƙara mata man, ana iya sake ta.

Sai ruwa. Ka fi ni sanin ruwan rijiyoyin Kawar, yankin da Bilma ke haƙo gishiri. Ruwa mai gishiri da kanwa yana daskarewa a cikin siraran bututun lagireto, ya kuma ci famfon ruwa. Ka sa a buɗe lagireto a wanke bututun ɗaya bayan ɗaya, a sa sabon murfi, ka cika da ruwan sanyaya inji na gaske, ka ɗauki jarka guda ta musamman dominsa. Ka rage iskar taya kafin shiga rairayi, injin zai huta. In kuma allurar zafi ta hau, ka tsaya ka fuskantar da motar ga iska ka bar ta a silo, kada ka kwara wa inji ruwan sanyi yana tafasa.

Tambaya ta uku, daga wani matashi ɗan kwangila a Kaduna: "Oga, na sayo Ford F-250 ƙirar 2005 ta Kwatano don jan kayan aiki. Tana farin hayaƙi, ruwa na raguwa ba tare da na ga yoyo ba, kuma idan ta yi zafi aka kashe ta sai ta ƙi tashi. Bakanike uku sun gwada."

Ƙanena, ka sayi mota mai ƙarfi, amma ka faɗo kan injin da ko a Amurka an san shi da rigima. Shi ne Power Stroke mai lita 6.0, kamfanin Navistar ne ya yi wa Ford, aka sa shi daga 2003 zuwa 2007. Wanda ya gabace shi, mai lita 7.3, har yau Amurkawa na yabonsa. Shi wannan an ƙara masa na'urar EGR mai mayar da wani kason hayaƙi cikin inji don cika dokar tsabtar iska ta can, kuma daga nan yawancin matsalolinsa suka taso.

Ga yadda abin ke tafiya. A tsakiyar injin akwai na'urar sanyaya baƙin mai, hanyoyin ruwanta ƙanana ne, datti na toshe su. Ruwan da ya fito daga cikinta shi ne ke zuwa ya sanyaya hayaƙin EGR. Idan ta toshe, na'urar EGR ta rasa ruwa, ta yi zafi ta tsage, ruwa ya bi ta nan ya shiga silinda ya fita ta salansa a matsayin farin hayaƙi. Ga ruwanka da ke ɓacewa. Idan aka ci gaba da tuƙi a haka sai gaskit ɗin kan inji ya biyo baya, domin kusoshi huɗu ne kawai ke kewaye da kowace silinda kuma suna miƙewa. Masu gyara a can suna maye gurbinsu da ingarman kusoshi na kamfanin ARP. Gwajin yana da sauƙi ga mai kwamfuta: a kan hanya, bayan inji ya ɗau zafi, a kwatanta zafin mai da na ruwa. Idan bambancin ya wuce digiri 15 a ma'aunin Amurka, wato wajen digiri 8 a namu, na'urar sanyaya man ta toshe. Kada ka canza ta EGR kaɗai ka bar ta mai, sabuwar ma za ta sake tsagewa.

Ƙin tashi da zafi kuwa wata matsala ce daban. Nozul ɗin wannan inji da ƙarfin baƙin mai suke aiki, akwai famfo na musamman da ke matse shi, kuma sai matsinsa ya kai wajen psi 500 a ma'aunin Amurka kafin kwamfuta ta yarda ta ba da gas. Idan akwai roba ko mahaɗin da ke yoyo a ciki, da safe mai na da kauri zai riƙe, da ya yi zafi ya tsinke sai ƙarfin ya zube. A kuma auna akwatin wutar nozul, ya kamata ya ba da wuta mai ƙarfin volt 48. Raunin batir ne ke kashe shi, kuma motar batir biyu gare ta. Juye ma kada ka yi masa wasa, tana cin kusan lita 14.

Gaskiyar da zan gaya maka ita ce, kayan wannan inji ba a kwance suke a Panteka ko Ƙofar Ruwa ba kamar na Toyota, sai an yi oda. Ka zauna ka lissafa kuɗin gyaran gaba ɗaya kafin a kwance ƙusa ko ɗaya. Idan za ka riƙe ta, ka gyara duka a lokaci guda wurin mutum ɗaya da ya taɓa buɗe irinsa.

Tambaya ta huɗu, daga wata Hajiya mai gonar kaji a Zariya: "Wata fitila mai rubutun T-BELT ta kama a Hilux ɗin gonata. Direba ya ce ba komai, mota lafiyarta lau, a kashe fitilar kawai."

Hajiya, ranki ya daɗe, kin yi daidai da kika tambaya. Direbanki ya yi gaskiya cewa motar lafiyarta lau a yau, fitilar ba ciwo take nunawa ba. Ƙidaya take yi. A Hilux mai D-4D tana kamawa idan mota ta ci kilomita 150,000, don tunatar da cewa lokacin canza bel ɗin tayimin ya yi. Wannan bel ɗin shi ke daidaita buɗewar bawul da hawan fistan. Ba ya ba da sanarwa kafin ya tsinke, kuma idan ya tsinke mota na tafiya fistan zai daki bawul, aikin rabin yini ya koma sauke kan inji. A canza shi a wannan makon tare da abin ɗaure shi da ƙaramar tayar da yake bi, a sa na asali, sannan a goge fitilar. Ki ce a kawo miki tsohon ki gani, ki kuma rubuta lambar kilomitar ranar a littafin gona.