Ga Mai Tambaya Daga Kano: Abin da Ya Sa Ba Mu Ce a Hana Gwanjo Ba

Assalamu alaikum Malam. Ka ce ka ga hoton tsummokara jibge a bakin teku a Akra, kana mamakin yadda mu mutanen Zango muka zuba ido, ba mu matsa wa gwamnati ta hana shigo da gwanjo ba. Hoton gaskiya ne. Wajen Jamestown ne, inda kogin Odaw ke ratsa tafkin Korle ya faɗa teku, kuma idan ka je za ka ga riguna sun murɗe da juna sun nutse cikin yashi, har masunta na jawo su a koma.

Amma sai ka san Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Akra, tukuna. Kaya na sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Ingila, Amurka, Sin da Kanada, a ɗaure dila-dila, kowace wajen kilo 55, 'yan mata 'yan dako, yawancinsu daga arewacin Gana, su ɗauka a ka. Mai saye yana biya kafin ya ga abin da ke ciki. Da asuba ake yanka dila, nan take a ware na farko, na biyu, na uku, sai tarkacen da ko kyauta ba mai so. Ƙungiyar Or Foundation, mai fafutukar rage sharar tufafi, ta ƙiyasta tufafi miliyan 15 ke shigowa duk mako, kusan kashi 40 cikin ɗari su ƙare a shara. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta ce ƙarya ne, bai wuce kashi 5 ba. Ni dai na fi karkata ga telolin kasuwar, da ke cewa kayan yanzu ba su da ƙwari, wanki biyu sun saki.

Telolin nan su ne abin da hoto ba ya nunawa. A bayan rumfuna akwai masu keke, masu guga, masu rini. Wando ya yage a gwiwa, a yanke shi ya koma gajere. Rigar ƙato a rage ta ta fito rigunan yara biyu. Farar da ta dafe a tsoma ta a baba, ta koma rumfa da sabon kuɗi. Mu a unguwannin Nima da Sabon Zango na Akra haka muka tashi: rigar wa ta sauka kan ƙane, in ta gaji ta zama tsumman goge ɗaki. Wajen mutum 30,000 ke ci daga wannan kasuwa, shi ya sa gobarar da ta cinye galibinta a farkon Janairun 2025 ta taɓa gidaje da yawa.

To, a hana? Ku ai kun gwada. A takarda shigo da gwanjo haramtacce ne a Najeriya, amma leƙa Ƙofar Wambai ka gani, ta Kwatano yake biyowa. Ruwanda ta tsawwala masa haraji, Amurka ta mayar da martani a 2018 da dakatar mata da damar shigar da tufafinta Amurka ba haraji a ƙarƙashin tsarin AGOA na rangwame ga ƙasashen Afirka. Mu ma mun ga irin wannan gyara na ƙarfi a nan. A Yulin 2021 hukuma ta rushe filin 'yan gwangwan na Agbogbloshie, inda ake fasa tsofaffin kwamfutoci da firji ana ƙona waya don a ciri tagulla. Hayaƙin guba ne, ba mai musu. Sai dai aikin bai mutu ba, watsuwa ya yi cikin unguwanni, kusa da inda yara ke wasa. Alhali tun a 2016 aka yi doka mai lamba 917 da ta tanadi haraji kan kayan lantarki da ake shigowa da su, domin a biya kuɗin sarrafa su idan sun mutu.

Abin da muke nema shi ne wanda ya ɗinka rigar ya ɗauki nauyin ƙarshenta. Faransa ta kafa irin wannan doka tun 2007, kamfani na biyan wani abu kan duk tufar da ya sa a kasuwa, kuma a 2025 Tarayyar Turai ta amince duk ƙasashenta su bi. Ƙorafinmu, kuɗin na tsayawa can wurin masu tarawa da tantancewa, sharar kuma tana nan a kwatar Nima, mu ne ke fitowa da shebur ranar tsaftar gari bayan liman ya yi sanarwa a masallaci. A turo kason nan Akra, a sa sharaɗi kan ingancin abin da ake cusawa a dila tun daga can, kuma idan za a zauna tsara doka a kira shugabannin kasuwa, teloli da sarakunan Zango kafin a kira buldoza.

Idan Allah Ya kawo ka Akra, ka zo ranar Laraba ko Asabar da sassafe, lokacin ake buɗe sababbin dila. Ka gaida mutanen gida.