Yadda Napoleon ya dawo daga Elba

Malam, ka tambaya yadda Napoleon, mutumin da aka tuɓe daga sarautar Faransa aka kai tsibirin Elba da ke kusa da Italiya, ya ƙwato Faransa da mutane kusan 1,000 kacal. Amsa ita ce bai yi yaƙi ba, sojojin da aka aika su kamo shi ne suka bi shi. Ya sulale daga Elba ranar 26 ga Fabrairu 1815, ya sauka a Golfe-Juan da ke gaɓar kudancin Faransa ranar 1 ga Maris, ya bi ta duwatsu zuwa Grenoble don kauce wa yankunan magoya bayan Sarki Louis na 18, wanda ya hau mulki bayan an tuɓe shi. A Laffrey, kusa da Grenoble, ya tarar da runduna ta tare hanya, ya tako gabansu shi kaɗai, ya buɗe rigarsa, ya ce mai son harbin sarkinsa ga shi nan. Ko bindiga ɗaya ba ta tashi ba. Ranar 20 ga Maris yana Paris, Sarki Louis na 18 ya riga ya tsere.

Dalilin da na fi gamsuwa da shi, iya abin da na karanta, shi ne yadda Louis ya wulaƙanta sojojin. Ya sallami hafsoshi da yawa a kan rabin albashi, ya sauke tutar da suka zubar da jini a ƙarƙashinta ya ɗaga farar tutar gidan sarauta. Manoma kuma suna tsoron a ƙwace gonakin da suka samu bayan juyin juya halin Faransa na 1789. Hatta Marshal Ney, tsohon babban kwamandan Napoleon da ya yi wa Louis alkawarin kawo Napoleon cikin kejin ƙarfe, da ya ga inda zuciyar sojojinsa take, sai ya juya.