Kakata Sharifiya Ce, Ya Halatta a Kira Ni Sharu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, bayan rasuwar mahaifinmu mun buɗe gafakarsa a gidanmu da ke unguwar Koki a Kano, muka tarar da tsohuwar takardar salsala wadda ta kai ga Sayyidina Hassan. Ta mahaifin kakata ce, wadda ta haifi babana. Kwanan baya wani mutum daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan ya same ni ta Facebook da hoton irinta, ya ce shi tattaɓa-kunnen baffan kakata ne da ya bi ayarin Sarkin Musulmi Attahiru. Mu dai a gari Agalawa aka san mu. Ya halatta ni da 'ya'yana mu ɗauki sunan Sharif? Kuma ba ni da ƙarfi, nakan karɓi zakka, ta haramta gare ni ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Binciken asali don sada zumunci abu ne da shari'a take so, babu saɓani a kansa.

Hukuncin naka ya rataya ne ga kalma guda da ka faɗa: kakarka. Ko da kowane suna a takardar nan ya inganta, sharifiyar ita ce, kai kuwa ɗan ɗan mace ne. Allah ya ce a Suratul Ahzab a kira mutane da iyayensu maza. Saboda haka kada ka ɗauki sunan, kada ka sa wa 'ya'yanka. Zakka kuma halal ce gare ka muddin kana cikin mabuƙata, don Banu Hashim aka hana wa, kai kuwa ba ka cikinsu.

Na san za a ce maka akwai malaman Malikiyya da suka tabbatar da sharifta ta wajen uwa. Gaskiya ne. Malaman Bijaya da Tilimsan, garuruwan da ke Aljeriya a yau, sun tafi a kan haka, na Tunis irin su Ibn Abdis Salam suka ƙi, Ibn Arafa ya tsaya tsakiya ya ce ɗan sharifiya yana da wata daraja amma ba irin ta ɗan sharifi ba. Masu tabbatarwa sukan ce ai Hassan da Husaini ma ta Nana Faɗima suka danganta da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Wannan falala ce da aka keɓance su da ita, sannan mahaifinsu Aliyu ɗan gidan Hashim ne, ba su taɓa fita daga gidan ba balle a ce uwa ce ta shigo da su. Sukan kuma ce Alƙur'ani ya lissafa Annabi Isa cikin zuriyar annabawa ta wajen Nana Maryam. To, shi ba shi da uba, ta yaya za a yi ƙiyasin mai uba a kansa? Hadisin da ya ce ɗan 'yar'uwar mutane yana cikinsu kuwa zancen kusanci da taimakon juna yake yi, bai canza wa kowa uba ba.

Dubi aikin Sahabbai. Zaidu ɗan Umar ɗan Haɗɗabi, mahaifiyarsa Ummu Kulsum ce 'yar Aliyu da Faɗima, amma a gidan Adiyyu, dangin babansa, ake lissafa shi. Abdullahi ɗan Zubair ya fi kama da kai: wadda ta haifi babansa ita ce Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalib, gwaggon Annabi, kuma babu wanda ya cire shi daga Banu Asad. Mu ma a nan mun san ɗan mace ba ya neman gadon sarautar gidan kakansa, komai son da ake masa.

Akwai abin da na ji a muryarka da ba ka tambaya ba. Ka ce "mu dai Agalawa aka san mu", kamar mai neman mafita. Ɗana, mutanen da suka yi ta bin hanyar Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da tufafi suna dawo da goro kasuwar Kurmi, har suka kafa zuriya a Salaga da zangon Kumasi, ba iyayen da za a ji kunyarsu ba ne. Wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane, hadisin Bukhari da Muslim ya ce Aljanna ta haramta gare shi. Ka ji tsoron wannan. A ɗaya ɓangaren kuma, kada maganata ta sa ka shiga unguwar Sharifai kana tuhumar salsalar mutanen da aka san su da ita tun zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa. Sukar nasaba aikin jahiliyya ne. Dangin kakarka ka girmama su sau biyu, don zumunci da kuma don Annabi.

Shi kuwa mutumin Mai Wurno, labarinsa ba abin mamaki ba ne. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a da yawa sun ci gaba zuwa gabas tare da Muhammadu Bello ɗan Attahiru, suka zauna a bakin Kogin Nilu. Amma hoton takarda a waya ba shaida ba ne. Salsala kwafarta ake yi daga hannu zuwa hannu. Ka tambaye shi sunayen da babu su a rubuce: laƙabin kakanni mata, unguwar da aka baro. Sannan ka kai amsarsa wajen gwaggonninka tun suna raye, ka ɗauki muryarsu a waya. Idan ka taimaka masa saboda yaƙin da ake yi a ƙasarsu tun 2023, ka samu lada ko ɗan'uwanka ne ko ba shi ba. Idan zancen gado ko gida ya taso, ka tsaya, wannan na alƙali ne da shaidu.

Takardar ma ba taka kai kaɗai ba ce. Ka ɗauki hotonta ka raba wa 'yan'uwanka, kada ka liƙe ta da roba mai zafi, ka mayar da ita gafakarta nesa da danshi da gara.

Allah ne mafi sani.