Kuɗina kaɗan ne, wace motar Japan mai turbo zan saya?

Tambaya: Na daɗe ina sha'awar motocin tsere na Japan masu turbo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji don ƙara masa ƙarfi), kamar Skyline, Supra da WRX, amma abin da na tara bai taka kara ya karya ba. Wacce ta dace da ni, kuma me zan duba? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, ka fara cire Skyline GT-R da Silvia S15 daga lissafinka, domin sitiyarinsu a dama yake, kuma dokar Najeriya ba ta yarda da shigo da irin waɗannan motoci ba. Supra mai injin 2JZ-GTE kuwa ta zama kayan masu tara motoci, farashinta ya wuce inda mai ƙaramin ƙarfi zai kai. Mazda RX-7 kyakkyawa ce, sai dai injinta ba mai fistin ba ne, kuma da wuya ka sami bakaniken da ya taɓa buɗe irinsa. A ganina, wadda ta rage maka ita ce Subaru Impreza WRX da aka sayar a Amurka tun daga samfurin 2002, mai sitiyari a hagu.

Ita ma kada ka kashe duk kuɗinka wajen sayenta. Ka ajiye akalla kashi ɗaya cikin uku domin gyaran farko. Ka nemi wadda ba a yi wa ƙari ba, saboda wanda ya canza salansa, ya taɓa kwamfutar injin don ƙarin gudu, da wuya a ce ya tausaya mata a kan titi.

Ka je da sassafe, ka ɗora hannunka a kan injin ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin dillalin da ya ɗumama mota kafin isowarka yana iya ɓoye ƙara da hayaƙi. Ka tsaya ta baya ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi alama ce ta cin baƙin mai, ko daga turbo ko daga ringin fistin, farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa kuwa yana nuna ruwa na shiga inji. Ka sa bakanike ya cire bututun da ke shiga turbo ya girgiza farfelar da yatsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma idan tana gaba da baya ko tana gogar jiki, kwananta ya ƙare. Turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, kuma baƙin mai ne ke kare shi, shi ya sa nake ba tarihin juyen mai muhimmanci fiye da kyan fenti.

Ka tambayi lokacin da aka canza bel ɗin tamin, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, wanda ake sauyawa a wajen mil 105,000, domin idan ya tsinke fistin da bawul za su haɗu, injin ya lalace. Tayoyi huɗun su zama iri ɗaya, tun da duka ƙafafunta ke ja.

Abin da ya fi damuna shi ne fetur. An ƙera injin ne don mai mai ƙarfin oktan, wato fetur da ba ya saurin kamawa da wuta kafin lokacinsa a cikin inji, alhali yawancin gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa, ga kuma zafin watan Afrilu. Idan ka taka totur ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, alama ce fetur na kamawa kafin lokaci, ka ɗaga ƙafarka nan take, ka kai ta a duba kafin fistin ya tsage.